Bayan shekara shida da SLK, wace mai ƙofa huɗu zan saya?

Abban Amira:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ina roƙon waɗanda suka san mota da hannunsu su sa baki.

Da yawanku kun san 'yar jar motata, Mercedes SLK 230 Kompressor ƙirar 2001, mai kujera biyu, wadda rufinta na ƙarfe yake naɗewa ya shige but. A hannun wani dattijo a Kaduna na saye ta tun ban yi aure ba. Aikina a Dutse yake, gida kuma ƙauyenmu ne a bayan Gaya, kilomita bakwai na birji kafin a hau kwalta. Duk Juma'a da yamma in na taso, da na wuce Shuwarin sai in tsaya a gefen titi in danna maɓalli, cikin daƙiƙa 25 rufin ya kwanta. In kaka ta yi, ƙamshin karan gero da aka girbe har cikin hanci, kana jin kukan shanu suna komawa ruga. Ba gudu ne ya dame ni ba, Allah ya sani. Abin da nake so a jikinta shi ne yadda take jin hannu. Ka ɗan murza sitiyari ta bi, ka taka mai ka ji tana turo ka daga baya.

To yanzu Allah ya ba mu Amira, watanta huɗu. Ga Hajiya mahaifiyata tana fama da gwiwa da hawan jini, duk wata sai an kai ta asibiti a Kano. Makon jiya ranar asibitin Hajiya ta zo daidai da ranar rigakafin Amira. Na ɗauki Hajiya a mota, maiɗakina ta goya yarinya ta hau babur ɗin ƙanena. Suna bayanmu cikin ƙurar da ni nake tayarwa, ina hangen ta a madubi tana jan mayafi tana rufe kan jaririyar. Daren nan ban runtsa ba.

Zan sayar da SLK. Da kuɗinta da abin da na tara, ba zan wuce naira miliyan 11 ba. Ina son mai ƙofa huɗu wadda za ta ɗauki iyali, amma kada ta zama irin motar da kake tuƙawa kamar kana zaune a kan katifa. Huɗu ne a raina: Lexus IS250, Mercedes C300, BMW 328i, sai Honda Accord mai silinda shida. Wacce za ku ba ni?

Hamisu Ɗan Takai:
Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya raya Amira, ya ba Hajiya lafiya. Ni ban ga abin jan zance ba, IS250 kawai. Silinda shida, lita 2.5, tayoyin baya ke ja kamar SLK ɗinka, ga ta jinin Toyota. Ta wana ƙirar 2008 shekararta huɗu a hannunsa, in ban da bakin mai da birki ba abin da ya taɓa ci masa kuɗi.

Injiniya Bashir:
Hamisu, karanta abin da mutumin ya rubuta. Bai ce yana neman motar da ba ta zuwa gareji kaɗai ba, cewa ya yi yana son mai jin hannu. A cikin huɗun nan ba wadda ta kama ƙafar 328i a wannan fanni, ina nufin ta 2007 zuwa 2011. Injinta silinda shida ne a jere, lita 3, ƙarfin doki 230, ba turbo ba komai. An raba nauyinta kusan rabi gaba rabi baya, shi ya sa in ka shiga kwana ba ta jan hanci waje. Tawa shekara uku ke nan ina bin hanyar Dutse zuwa Kano da ita. Wanda ya sauko daga mota mai kujera biyu, in ya shiga Lexus zai ji sitiyarin ya yi masa shiru. Abban Amira, ka gwada ta sau ɗaya kafin ka saurari kowa.

Malam Sule Bakanike:
Abban Amira, ni na san motarka, sau biyu ina shiga ƙarƙashinta. Na kuma san hanyar garinku, ta nan nake bi zuwa gidan surukaina. Don haka da hanya zan fara kafin mota.

Ka tuna kwalbatin nan na gaban firamare, wanda ruwa ya cinye gefensa ya bar kankare tsaye kamar dakali? A nan ka fasa kaskon bakin mai a daminar 2022, muka zo da igiya muka ja ka har Wudil. Kwalbatin yana nan. Motocin nan huɗu duk gajeru ne, ba wadda aka ƙera don birji. Bambancinsu ɗaya: akwai wadda in ta ji ciwo za a yi mata magani a Wudil ko Dutse, akwai wadda sai an ɗora ta a bayan babbar mota an kai Kano.

BMW, gaskiya Injiniya ya faɗa, a daɗin tuƙi ita ce gaba. Amma famfon ruwanta na lantarki ne, ba bel ke juya shi ba, kuma ranar da zai tsaya ba ya sallama, sai dai ka ga fitila ta kama inji ya ɗau zafi. Ba ta da sandar duba bakin mai, a allo ake dubawa. Ba ta zuwa da safaya, tayoyinta irin masu ci gaba da tafiya ne ko iska ta fita, gefensu tauri gare shi, mai facin ƙauye da ƙarfensa biyu zai sha wuya kafin ya cire.

Lexus mota ce mai haƙuri. Sai dai injin IS250 yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda, fetur ɗin ba ya bi ta bayan bawul balle ya wanke shi, sai baƙin gawayi ya yi ta taruwa. In ta fara kakkarwa da safe, yawanci shi ne. IS350 ba ta cika wannan ba don tana fesawa ta hanya biyu, amma ta fi tsada ta fi shan mai. Sannan ka shafa dashbod da hannu, na waɗannan shekarun rana tana narkar da shi ya yi danƙo kamar ƙaro.

C300 'yar gidanku ce, SLK ɗinka ma a kan ƙashin C-Class ta zamaninta aka gina ta. Abu uku ake dubawa. Makullin sitiyari na lantarki, wanda in ya mutu ko tari mota ba za ta yi ba. Wani haƙori a cikin injin na farko-farko da yake cinyewa, gyaransa sai an sauke inji. Sai tsatsa a ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya, in motar ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka inda suke zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. In ka ga an rubuta 4MATIC a bayanta, wato mai ja da tayoyi huɗu, ka wuce, ƙarin kaya ne da ba ka buƙata.

Accord mai silinda shida kuwa, ta 2003 da 2004 an san giyabos ɗinta da laulayi, kuma bel ne ke riƙe lokacin injin, sai ka san ranar da aka canja shi. Mai lita 2.4 ita ce mai sarƙa.

Injiniya Bashir:
Malam Sule, ban musa ko ɗaya ba, amma a yi wa motar adalci. Famfon nan abu ne da ake canjawa kafin ya mutu, kamar yadda ake canja bel a wata motar. Abin da ke kashe motocin Jamus a ƙasar nan ba ƙira ba ce. Mota ta ɗan ɗau zafi, sai bakanike ya cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye da batir, ya ɗebo ruwan rijiya ya cika lagireto. Bayan wata shida cikin inji ya yi tsatsa, sai a ce motar ce ba ta da kyau. Ni ba kai nake nufi ba, na san ba ka yi.

Malam Sule Bakanike:
Wannan gaskiya ne, ni ma kullum faɗan da nake yi da yarana ke nan. To amma kai a Dutse kake kwana, kwalta har ƙofar gidanka. Shi in ta tsaya masa ƙarfe tara na dare tsakanin Gaya da ƙauye, da jaririya da tsohuwa a baya fa? Kayan Honda da Toyota zan same su a Wudil kafin azahar. Na BMW sai na tura yaro Ƙofar Ruwa, wani lokacin a ce sai an aiko daga Legas.

Alhaji Ɗanlami:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da mahaifiyarka. Ni tsoho ne, maganar tsofaffi zan yi. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna, kuma ba banza ba duk wani hakimi da alƙali da malamin gona na ƙasar nan a 504 ya ƙare aikinsa. Ni na riƙe 504, na riƙe 505, yanzu 406 ce a ƙofar gidana. Ƙafarta laushi gare ta, tana shanye gargada, amma a kwana tana riƙe titi yadda ba ka zato. Na kai buhun gero uku da mutum huɗu kasuwar Wudil ranar Juma'a ba sau ɗaya ba. Ku yaran yanzu kuna raina ta don ba ta da allo. Ka nemi mai giyar hannu mai tsabta, rabin kuɗinka zai saura ka sayi taki.

Abban Amira:
Baba Alhaji, na gode, Allah ya ƙara girma. A 406 ɗin kawuna na koyi tuƙi, na san abin da kake faɗa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne shekaru. Masu tsabtar suna hannun irinku, kuma ba kwa sayarwa. Waɗanda ake kawowa kasuwa yawanci sun gama haya.

Maman Sadiq:
Sannunku. Na karanta duka, kowa yana maganar inji, ba wanda ya buɗe ƙofar baya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kullum ina ganin yadda ake fito da tsofaffi daga mota a ƙofar asibiti. Mai ciwon gwiwa ba laushin kujera ne damuwarta ba, shiga da fita ne. In kujerar ta yi ƙasa sosai, ƙofar kuma ba ta buɗewa da faɗi, sai an kama ta an ja, kuma tsohuwa ba ta son a riƙa jan ta a gaban mutane. Wasu saboda haka kaɗai suke cewa sun ji sauƙi, ba sai an je asibiti ba. Malam, kada ka biya kuɗin kowace mota sai Hajiya ta shiga ta fita da kanta. Ita IS250 da ake yabo, na shiga bayanta, gwiwata tana taɓa kujerar gaba, kuma ni ba doguwa ba ce.

Na biyu, Amira. Don Allah kada a mayar da ita cinyar uwa a kujerar gaba. Jakar iskar nan da ke fashewa lokacin haɗari don babba aka yi ta, jariri tana iya kashe shi. A saya mata kujerar jarirai, a ɗaure a baya, fuskarta tana kallon baya. Motocin da aka sayar a Amurka daga ƙarshen 2002 suna da wasu ƙarafa biyu a lungun kujerar baya da ake maƙala ta, sa hannu za ka ji su. Ka tafi da kujerar wurin gwaji, don tana cin wuri fiye da yadda ake zato. In an sa ta, Hajiya da Maman Amira za su samu wurin zama? Wannan shi ne gwajin.

Sannan sanyi ya riƙa kaiwa baya. Watan Afrilu a hanyar Kano ba wasa ba ne ga mai hawan jini.

Dokta Kabir:
Maman Sadiq ta gama magana a ɓangarenta. Ni wani abu zan taɓa, don na bi hanyar da Abban Amira yake shirin bi. Lokacin ina karatu a Ingila na riƙe Mazda MX-5, 'yar ƙarama mai rufin tanti, nauyinta bai kai kilo 1,100 ba. Da iyali suka zo na sayar, na sayi wata babba mai silinda shida da ta ninka ta ƙarfi, ina ganin ƙarfin zai maye mini abin da na rasa. Bai maye ba. Wata uku ina jin haushin motar da ba ta yi mini laifin komai ba. Daga baya na gane abin da nake kewa rashin nauyi ne, da zama kusa da ƙasa, da iska a kaina. Motocin da ka lissafa kowacce tana wajen kilo 1,500 ko sama. Ba wadda za ta dawo maka da yammacin Shuwarin. In ka shiga kasuwa kana neman SLK mai ƙofa huɗu, za ka kashe kuɗi a kan doki da faffaɗan taya, kuma ba za ka samu ba.

Abin da za a iya samu shi ne mota mai gaskiya a sitiyari, wadda ba ta lilo a kwana. Shi ya sa zan ƙara maka ta biyar: Acura TSX, ta 2004 zuwa 2008. Mutane suna ganin tambarin su ɗauka wata baƙuwa ce. Accord ce ta Turai da Japan, wadda ta fi ta Amurka ƙanƙanta da tsaurin ƙafa, aka sa mata sunan Acura aka sayar a Amurka. Injinta lita 2.4 ne mai sarƙa, dangin wanda ke cikin Honda Diskoshon da ta cika titunan Kano, sai dai an ƙara masa ƙarfi ya kai doki 200. Akwai mai giyar hannu shida, akwai otomatik mai biyar.

Injiniya Bashir:
Dokta, tayoyin gaba ke jan TSX. Mutumin ya faɗa da bakinsa yana son ya ji ana turo shi daga baya. Wannan kam ba ta da shi, ko me aka yi wa ƙafarta.

Dokta Kabir:
Ba ta da shi, ban ɓoye ba. Amma a taɓon watan Agusta, mota mai ja da gaba, da nauyin inji a kan tayoyin da ke ja, ta fi fita cikin sauƙi. Shi zai auna wanne ya fi yawa a shekararsa, kwana mai daɗi ko taɓo.

Malam Sule Bakanike:
Injin TSX ko da dare aka tashe ni zan kwance shi in mayar. Kayan jiki kamar fitila da bamba su ne ba su da yawa kamar na Diskoshon, a sani.

Auwalu Mai Motoci:
Ni sana'ata ce, bari in faɗi abin da ba kowane ɗan'uwana zai faɗa ba. Da kuɗin da ka ambata, kada ka nace sai Beljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje aka shigo da ita. Kalmar Beljiyam ba ta nufin lafiya. Da yawa daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya ake sayo su a Amurka, a gyara a fesa fenti. 'Yar gida wadda mutum ɗaya ya riƙe, kana ganinsa yana ganinka, ta fi Beljiyam da ba ka san tarihinta ba.

In ka je, ka ɗauki lambar jikin mota, mai harufa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Ka ba yaron da ya iya intanet ya bincika, sau da yawa har hoton motar ranar gwanjo yana fitowa. Ka ɗaga kafet ka shinshina. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, in ruwa ya taɓa shanye motar za ka ga tabo ko laka a can ciki, don masu wanki ba sa kaiwa nan. Kada ka yarda da kilomitar da ke allo, ana mayar da ita baya, ka dubi yadda robar birki da fatar sitiyari suka cinye. Ka sa a leƙa salansa a ga ko indomi, wato matatar hayaƙin da ke ciki, yana nan, ana sare shi a sayar a liƙe bututu.

Takardun kwastan kuma ka kai ofishinsu da ƙafarka a tabbatar. A ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, amma wasu sun ci gaba da biyowa ta daji. In ka sayi irin wannan, ranar da aka tare ka a hanya kai za ka sauke iyalinka a gefen titi, ba mai sayarwa ba.

Hamisu Ɗan Takai:
Na yarda da maganar kujerar baya, ban taɓa zama a can ba shi ya sa. Amma a tuna da mai. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, silinda shida ta zama aiki. Idan ƙasa ce matsalar kuma, ai ana sa wa mota zobe a ƙafa a ɗaga ta, kowa yana yi.

Malam Sule Bakanike:
Kowa yana yi, ni ma ina sa wa mai so. Amma ga wanda jin hannu ya kawo shi, zobe shi ne zai kashe abin da ya biya kuɗi dominsa. Mota ta tashi sama, ta fara lilo, tayoyi su ci gefe ɗaya, shaf ya riƙa aiki a karkace. In ana son ɗan tsawo, a taya ake nema. Taya 225/45 gefenta milimita 101 ne, 215/55 kuma 118. Mai kaurin gefe ta fi kare rim a rami, in dai ba ta gogar jiki. Kuma ku riƙa duba lambobi huɗun da ke gefen taya, sati ne da shekara. In ka ga 2319, sati na 23 ne na 2019, ko zanenta bai cinye ba ta tsufa. Fetur kuma a sha a gidan mai mai ciniki, a bar na galan, duk motocin nan ba sa son gurɓataccen mai.

Abban Amira:
Jama'a na dawo. Ranar Litinin ta asibitin Hajiya na ari motar ɗan kawuna, muka tafi da ita da Malam Sule da kujerar jarirai da na saya kamar yadda Maman Sadiq ta ce. Da muka gama da likita muka shiga wuraren masu motoci.

IS250 muka fara gani, fara, kyakkyawa. Hajiya ta dafa ƙofa ta sa ƙafar dama, gwiwar hagu ta ƙi lanƙwasuwa ta wuce ginshiƙin. Ta tsaya rabi ciki rabi waje, yaran wurin suna kallo. Sai ta ce a hankali, “Babana, fito da ni.” Ko kunna motar ban yi ba.

C300 Hajiya ta shiga ba laifi, ni ma da na zauna na ji kamar gida, har ƙamshin irin na tawa ne. Malam Sule ya shimfiɗa kwali ya kwanta ya haska da fitilar waya, sai ya kira ni. Ƙarfen bayan an shafe shi da baƙin fenti sabo, ya danna sukudireba sai ɓawon tsatsa ya zubo masa a fuska. Mai motar ya ce ƙura ce. Muka yi masa sallama.

Injiniya, na gwada 328i, kuma ba ka yi ƙarya ba. Minti goma na yi da ita, har yanzu ina jin ta a tafin hannuna. Amma wadda muka samu wani ya riga ya cire tamostat, ruwan lagireto ja wur kamar kunun kanwa da aka bari ya kwana, fanka tana ihu tun daga kunnawa. Mai tsabtar da muka gani ta fi ƙarfin aljihuna da nisa. Na daɗe a tsaye kafin in bar wurin.

TSX ba a wurin masu motoci muka same ta ba. Auwalu ne ya haɗa ni da wani malamin makaranta mai ritaya, ƙirar 2008, otomatik, ruwan toka. Ya fito da wani littafi na 'yan makaranta, duk ranar da ya canja bakin mai ya rubuta, shekara bakwai ba tsallake. Hajiya ta shiga da kanta, ta fita da kanta, ta sake shiga. Kujerar Amira ta maƙalu, wurin mutum biyu ya saura, ko da yake ba a sake ba. Na hau titin Wudil da ita. Gaskiya ba ta turo ni daga baya, ja take yi, kuma sai allura ta hau sama injin yake farkawa. Amma sitiyarin yana gaya mini abin da taya ke takawa, a shataletale kuma ta kwanta ba lilo. Na juya in tambayi Hajiya yadda ta ji, na tarar barci ya ɗauke ta.

Mun kai takardu an duba, na biya. Ya rage mini kuɗin tayoyi huɗu sababbi.

Injiniya Bashir:
Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Ban canja ra'ayi a kan 328i ba, amma wadda aka zuba wa ruwan rijiya ko kyauta ba zan ce ka karɓa ba. SLK fa, ta tafi?

Maman Sadiq:
Alhamdu lillahi. A gaishe da Hajiya da Maman Amira. Igiyar kujerar yarinya ta kama jiki sosai, in kana iya tsunkule ta da yatsu biyu a kafaɗa to ta yi sako-sako.

Alhaji Ɗanlami:
Malamin nan mai littafi, irinmu ne. Ka ci gaba da rubutu daga inda ya tsaya.

Abban Amira:
Amin, na gode muku duka. Injiniya, SLK ta tafi ranar Asabar, wani matashi daga Zariya ya zo da wansa suka ɗauka. Kafin su iso na fita da ita da asuba har bakin kwalta da rufi a buɗe, na dawo na wanke ta da hannuna. Na nuna masa inda ake zuba man rufin, na ce kada ya naɗe shi a kan gangara. Da suka tafi na shiga gona na daɗe ban fito ba.

Shekaranjiya aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da muka zo kwalbatin firamare da mutum uku da buhun masara a but, cikinta ya taɓa, ƙiii, sau ɗaya. Na sauka na leƙa, robar ƙasa ce kawai ta goge. Ban kai ta a sa zobe ba. Na je wurin mai unguwa, ya yi wa matasa magana, jiya muka yi gayya, amalanke shida na birji da duwatsu muka zuba a gefe biyun muka daddaɓe. Masu babur da mai motar da ke ɗaukar mata zuwa awo sun fi ni murna. Yau da safe na wuce ba ta taɓa ba.

Malam Sule Bakanike:
Birjin zai zauna in an ƙara ruwa biyu, ku tanadi amalanke biyu na ƙari. Ka kawo ta ranar Laraba da safe kafin gareji ya cika, mu sauke man giya mu zuba nata na asali, in kuma ɗaure robar nan da ta goge. Ka taho da littafin.